Lalle a Tafin Wanzami

Wanzamai biyu ne suka taru a kan biri ɗaya, kuma birin ne ya fita da riba. Duk wanda ya zauna Birnin Gwari bayan dawowar sojoji daga yaƙin Bama, tun ba a kafa sabon gari an fara ce wa namu tsoho ba, ya san wannan labari, sai dai maza sun yi masa kwaskwarima sun cusa jarumta a ciki. Ni ce matar babban wanzamin, ni na wanke jinin daga rigarsa, don haka zan faɗe shi yadda ya faru.

Gonarmu tana bakin daji ta hanyar Kuyello. Kowace shekara da masara ta yi goyo sai jajayen birai su sauko garke guda, su ci wadda za su ci, su karya sauran don mugunta. Manoman wajenmu suna da wata dabara da suke rantsuwa da ita. A kama biri ɗaya da tarkon waya, a aske shi ƙwal, a sake shi. Wai idan ya ruga wajen 'yan'uwansa ba za su gane shi ba, sai su tsere, shi kuma ya bi su, su ƙara tserewa, har su bar ƙasar gaba ɗaya. Ban taɓa jin wanda ya ga hakan da idonsa ba, kullum a gonar wani ƙanen kakan wani aka yi. Malamin daji ya hana ɗana tarko a bakin gandu, saboda haka a ɓoye ake yi, abin da ya ƙara wa dabarar daraja.

Maigidana ya ce tunda aski sana'ar gidansu ce, abin kunya ne a ce birai suna cin masarar wanzamai. Ya samo waya a sansanin masu haƙar zinariya, ya ɗana, tarko ya kama. Suka tafi shi da ƙanensa da hantsi, da askar da suka gada daga ubansu, wadda ake wasawa kullum kamar za ta je gaban alƙali. Da yake shi ne mai ƙarfi, ya danne wuyan birin da hannun dama, ƙanen ya riƙe aska. An aske rabin kai lafiya. Da aka zo bayan kunne birin ya fizge, askar ta sauka a cikin wuyan hannun maigidana, inda ake jin bugun jini.

Suka dawo gida, hannu a naɗe da yagaggiyar rigar ƙanen, biri a cikin buhu. Na tambayi me za a yi da birin kuma. Maigida, fuska ta yi fari fat, yana jingine da bango, ya ce a ɗaure shi a gindin ceɗiya, da wannan hannun zai yanka shi ranar da ya warke. Na ce to, Allah ya ba birin tsawon rai.

Motar masu zinariya ce ta kwashe shi zuwa babban asibitin Kaduna. Ban je ba, amma abin da aka yi a can na haddace shi kamar ni aka yi wa, don bayan ya dawo babu baƙon da ya tsira daga jin labarin, har Fulanin da ke kawo mana nono. Ya dawo da ciwo a rufe, ɗinki tsaf, amma yatsu uku sun mutu: babba, da manuni, da na tsakiya. Su ne kuwa yatsun riƙe aska. Kana iya soka musu ƙaya yana kallonka yana murmushi.

Likitan Bature ne da ya yi aiki a kan sojoji a yaƙi, kuma ta bakin tafinta ya yi masa bayani. Ya ce jijiya iri-iri ce. Akwai ta jini, akwai wadda ke jan yatsa, waɗannan ya ɗinka sun kama. Akwai kuma wata fara mai kama da igiyar abawa, zaren audugar nan mai kauri, ita ke kai ji daga fata zuwa kai, ita ma askar ta raba ta biyu. Ya haɗa bakin da bakin ya ɗinke, amma ya ce ɗinkin ba shi ne warkewa ba. Guntun da ke wajen yatsu ya riga ya mutu, sai ramin da ya bari. Guntun da ke wajen kafaɗa shi ne zai yi toho, ya bi tsohuwar hanyar kamar yaɗon kabewa a jikin danga, a hankali, wajen tsawon gaɓar yatsa ɗaya a wata, har ya isa ƙarshen yatsun. Ya koya masa yadda zai san inda tohon ya kai. A riƙa ƙwanƙwasa hannun daga wajen yatsu zuwa sama, inda ya ji wani zirr kamar tururuwa na gudu, nan bakin tohon yake. Ya ɗiga masa tawada a wurin, ya ce ya dawo bayan wata shida.

Alwalar farko ta wanke tawadar. Maigida ya shiga damuwa kamar an sace masa akuya. Ya gwada gawayi, ya goge. Ya gwada baban rini, ya shafe tafin duka. Daga ƙarshe ya shigo ɗakina yana sosa ƙeya ya ce ko ina da sauran lalle.

Haka muka fara. Duk tsayuwar wata sai ya zauna a bakin ƙofata, in ɗauki ƙotar ludayi in riƙa ƙwanƙwasa masa tafi, shi kuma ya rufe ido ya ɗaga gira kamar malami mai duba. Inda ya ce zirr, in ɗiga lalle. Kafin sanyi ya wuce, jan ɗigo ya jeru daga wuyan hannu zuwa tsakiyar tafi. Ya miƙa hannu a masallaci a gaisa, aka gani. Daga ranar mahauta suka sa masa suna amarya, har suna tambayarsa yaushe za a kai shi ɗaki. Ya sha kunu, amma bai daina zuwa wajen ludayina ba.

Da dariya nake ɗiga lallen nan, amma cikina ba dariya. Lokacin da aka yanke shi ina da ƙaramin ciki, ban ma faɗa wa kowa ba tukuna. Na haifi biyu kafin wannan, duka sun koma ba a yaye su ba. A al'adarmu ranar suna wanzami yakan aske kan jariri, ya kuma cire masa beli, ɗan naman nan da ke reto a can cikin maƙogwaro, da wata 'yar aska mai lanƙwasasshen baki. Bakin jaririn kwana bakwai bai fi bakin tulun turare ba. Da wanzami ya sa yatsa ya rufe wa idonsa hanya, sauran aikin yatsun ne ke gani. A gidan su maigidana kuwa, babban wanzami shi ke taɓa 'ya'yan gida, ba a taɓa yin akasin haka ba. Da ya lura da cikin, abin da ya fara faɗa shi ne, “Kafin ki sauka hannun nan ya iso.” Sai na gane tsere aka shiga tsakanin cikina da jijiyarsa, kuma maƙogwaron ɗana aka ajiye a ƙarshen fagen.

A wannan tsakanin zabira tana kafaɗar ƙanensa. Zabira ita ce jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aikinsa, wanda ya rataya zabirar gado shi ne wanzamin gida. Ƙanin mijin nan nawa mutum ne mai fuska biyu ba da mugunta ba. A cikin gida kansa a ƙasa, yana tafiya kamar ya taka ƙwai, komai “Yaya, sannu, Yaya, ya hannun?” Da ya fita zaure sai ƙirji ya buɗe, zabira na lilo, ana wanzam wanzam. Ya yi ƙiba a shekarar. Da yake abokin wasana ne, nakan tare shi a bakin rijiya in ce, “Kai dai ka iya aski, kai ɗaya ka aske biri da yayanka a zama guda.” Yakan ce, “Matar Yaya, ki ji tsoron Allah, ƙaddara ce.” In ce na sani, ƙaddarar ce dai na ga ta yi maka kumatu.

Birin kuma yana nan a gindin ceɗiya, ni ke ba shi abinci, tunda wanda ya yi alkawarin yanka shi bai yi alkawarin ciyar da shi ba. Shi ma hannunsa ya lalace. Wayar tarkon ta shaƙe masa wuyan hannu ta nutse cikin nama, hannun yana reto kamar tsumma, da ɗaya yake cin komai. Babu mota, babu Kaduna, babu Bature, lasa kawai yake yi. Maigida yakan zauna nesa kaɗan yana hararar sa, su biyu kowa da mataccen hannu a cinya. Da sanyi maigida ya ɗora yatsu a kan murhu yana hira, sai da muka ji ƙaurin nama muka janye shi. Birin ko sau ɗaya bai yi wannan wautar ba.

Kafin a gama sussukar dawa sai na ga yatsun birin suna motsi. Bayan ɗan lokaci ya fara ɗaukar gyaɗa da su, tana faɗuwa, yana sakewa. Da aka shiga bazara yana ɓare gyaɗar, yana tsince ƙwarƙwata daga cinyarsa ba ya ko kallo. Wata rana maigida ya sunkuya duba igiyarsa, birin ya zura wannan hannun cikin aljihunsa ya zare goro. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Maigida bai ci tuwo ba ranar.

Da ya koma Kaduna sai ya kai ƙarar birin wajen likita. Ya ce ta yaya dabbar da ba a ɗinka ba za ta riga mutumin da aka ɗinka. Tafintan ma wai sai da ya juya baya ya gyara fuska. Baturen ya ce da farko hannun biri gajere ne, tafiyar ba nisa. Na biyu kuma, waya matse jijiya take yi, ba ta raba rigar da ke lulluɓe da ita ba, don haka kowane zare ya mutu ya sake toho a cikin hanyarsa, ya koma gidansa. Aska kuwa ta raba komai. Igiyar nan da ya ɗinka zaruruwa ne a cikinta masu yawan gaske, kowanne ya fi gashi siranta, kuma babu allurar da za ta haɗa kowane zare da ɗan'uwansa. Idan suka yi toho suka ƙetare ɗinkin, kowanne ƙofar da ya tarar a buɗe yake shiga. Zaren na tsakiya yana iya ƙarewa a manuni, ya zauna can yana aika saƙo da sunan tsohon gidansa. Ya ce kai yakan koyi sabon zancen a hankali idan ido na taimaka masa, amma ga babban mutum abin yakan ɗauki shekaru, wani ma ba ya cika. Daga nan ya ce bai taɓa ganin yanka mai tsabta irin wannan ba, ya tambayi wa ke wasa askar.

A cikin duk wannan bayani, maigidana abu ɗaya ya ɗauko ya kawo gida da murna: Bature ya yaba askar gidansu. Sauran sai da na riƙa tatsa a hankali kafin na haɗa shi.

Lalle ya hau yatsu. Ji ya fara dawowa, da farko zafi kawai, komai ya taɓa sai ya ce wuta, daga baya ya fara sanin an taɓa shi. Ya yanka zakara, ya zagaya gari yana matsa hannun mutane. Ni kuwa na riƙe maganar Baturen. Wata tsayuwar wata, yana zaune hannu a cinyata, idonsa na kan birin, na mintsini kan manuninsa.

“Ke, na tsakiyan nan bai gama warkewa ba, a hankali,” ya ce.

“Maigida, dubi wanda na riƙe.”

Ya duba. Ya janye hannun ya ce wasa yake yi. Na ce ya rufe ido mu sake. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a yi masa wasan ɓuya da yatsunsa, ya tashi ya shiga zaure.

Don ya rufe mini baki, sai ya yanke shawarar ƙarasa askin da aka fara a gona. Gashin birin ya daɗe da fitowa. Aka ɗaure shi tamau a jikin turmi, wannan karon ƙanen ne ya riƙe, da nisa, da hannu a naɗe cikin buhu, don shi ba wawa ba ne. Maigida ya ɗauki askar gado. Tudun babban yatsansa ya lotsa, askar tana zama a hannunsa kamar aro. Muddin yana kallon bakin askar, aiki na tafiya. Da ya zagaya ƙeya, inda hannu ke rufe ido, sai ga jini, nan da can da can. Aka gama, kan birin kamar gonar da kaji suka tona. Maigida ya goge aska ya ce kan biri ne ba daidai ba, duk tudu da kwari. Ya manta da alkawarin yanka, ya ce a sake shi a cika dabarar. Birin ya haura danga ya nufi daji da ƙwalƙwal ɗin kansa. Da masara ta yi goyo a daminar, garken ya sauko kamar kullum, kuma masu gadi sun ce wani mai tabo a ƙeya ne a gaba.

Da yammacin ranar askin na same shi na ce, “Maigida, ƙeyar biri tana da faɗi, ta kuma warke. Maƙogwaron jariri fa?”

“Ni na cire wa rabin garin nan beli.”

“Da wancan hannun. Wannan baƙo ne, bai san sunan yatsunsa ba.”

“So kike in zauna ina kallo wanda ya yanke ni ya sa wa ɗana aska, a gaban mutane?”

“So nake in yaye wannan,” na ce. “Biyu na ba ƙasa. Ba zan ba girman kanka na uku ba.”

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Na ga ta shige shi, na kuma ga ya rufe ƙofa a kanta. Na ce zan tafi Kuyello in haihu a gidanmu, ya ce ba da izininsa ba. Muna cikin wannan ja-in-ja, ruwan farko ya sauka, naƙuda ta biyo shi. Na haifi mace.

Kwanakin nan kafin suna tsoro na ci na sha. Ina wankan jego ina shirya maganar da zan yi, don na ƙudura idan ya ɗaga askar nan zan fito tsakar gida in tona shi gaban kowa, in ya so ya sake ni. Na roƙi ƙanensa ya yi magana, ya ce shi wa, ai ko tari ya yi a wannan zancen za a ce zabira yake so. Na ce ai kana so. Ya ce yana so, amma ba zai faɗa ba.

Ranar suna da safe aka raɗa mata sunan mahaifiyar maigida, wadda ta rasu kafin a kawo ni gidan. Maza suka shafa fatiha a zaure, wanzamai suka shigo cikin gida. Ungozoma, tsohuwar da ta karɓi haihuwar, ta zauna a tabarma da jaririyar a cinya, mata sun kewaye, ni ina bakin ƙofar ɗaki na riƙe labule. Ƙanen ya sauke zabira daga kafaɗa ya ajiye gaban yayansa ya ja baya. Maigida ya durƙusa. Ya sa sabuwar riga, ya wanke hannu, amma jan lallen yana nan a kan yatsun. Ya juya yana laluben 'yar askar a cikin zabira da hagu, hannun dama kuwa ya bar shi a kan zanen jaririyar. Ta miƙa ɗan hannunta, kamar yadda jarirai ke yi, ta damƙe manuninsa.

Bai waiwayo ba. Ya yi dariya, da murya mai taushi da ban san yana da ita ba, ya ce, “Uwata, sakar mini na tsakiyan nan, aiki zan yi.”

Ungozoma ta dubi hannun, matan suka duba, ƙanen ya dubi ƙasa. Tsit ɗin da aka yi ne ya sa shi juyowa. Ya ga yatsan da ta riƙe. Ya daɗe yana kallo, na ga ya motsa na tsakiyan, wanda ke can shi kaɗai ba mai riƙe da shi, ya sake kallon manunin. Na buɗe baki, duk maganar da na kwana shida ina wasawa tana kan harshena, sai na ga ba ta da sauran aiki.

Ya tura zabirar da hagu har ta taɓa gwiwar ƙanensa.

“Yi bismilla,” ya ce. “Ka kuma riƙe ta, ba sai ka dawo da ita ba.”

Ƙanen ya durƙusa, kumatun nan duka sun saki. Ungozoma ta ce wa maigida ya matsa ya ba da wuri, ya ce a'a, a bar ta ta riƙe. Aka buɗe bakinta, ta tsala kuka, aka cire, aka share ɗan jinin da auduga, aka aske kai, duk yana durƙushe a wurin da yatsa a hannunta. Mata suka yi guɗa. Ni na saki labulen na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kawo shi cikin jini, rabi don ita, rabi don shi.

Da aka miƙo mini ita sai da ungozoma ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya daga nasa. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya tsaya a bakin ƙofata, ya ce in ajiye lallen nan, na yarinya ne idan ta girma.